WAKE MA TAKI NE: YADDA ZA KA CIYAR DA ƘASAR LAMBUN GIDANKA





Kullum muna cewa a ci ganye, a yawaita zogale da alayyahu da rama, a rage dogaro da kayan gwangwani. Alhamdu lillahi, gidaje da yawa sun fara noman buhu da ɗan lambu a bayan ɗaki. Amma akwai abin da yake kashe wa mutane gwiwa. Shukar farko ta yi kyau, ta biyu ta rage, ta uku kuma sai ganye ya fito ƙanana, ya yi ɗorawa, tumatir ya tsaya cak kamar an ɗaure shi. Sai maigida ya ce iri ne ba shi da kyau, uwargida ta ce ruwa ne bai isa ba. A mafi yawan lokuta ba ko ɗaya, ƙasar ce take jin yunwa. An yi ta ɗiba daga cikinta ba a mayar mata da komai ba.

Takin zamani kuwa kowa ya san inda farashinsa ya kai. To yau za mu yi bayanin hanyar da za ka ciyar da ƙasarka da abin da yake cikin kicin ɗinka, wato wake, sannan mu ƙara da takin da ake haɗawa a gida. A daure a karanta har ƙarshe, domin akwai gargaɗi da ya shafi lafiyar yara da masu ciki.

*ME WAKE YAKE YI WA ƘASA?*

Abincin da ganye ya fi buƙata shi ne sinadarin naitirojin. Shi ne yake sa ganye ya yi kore shar, ya yi faɗi. Shi kake saye idan ka sayi yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Abin mamaki, iskar nan da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, amma alayyahu da tumatir da masara ba su da ikon ɗaukarsa daga iska. Ga abinci a gabansu, babu hannun ɗauka.

Shi wake Allah Ya hore masa wata hanya. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin ƙasa, dangin bakteriya, da ake kira raizobiyam. Idan wake ya tsiro, sai su shiga saiwarsa su yi gida, sai ka ga wasu 'yan ƙulalai sun fito a jikin saiwar kamar ƙwayar gero ko dawa. A cikin ƙulalan nan suke kama naitirojin daga iskar da ke cikin ƙasa, su mayar da shi abincin shuka su ba waken, shi kuma ya ba su sukarin da ganyensa yake haɗawa. Cuɗe ni in cuɗe ka.

Iyayenmu ba su san sunan bakteriya ba, amma sun san aikin. Shi ya sa suke shuka wake a tsakanin gero da dawa. Shi ya sa manomi ba ya sare gawo a gonarsa, domin gawo ma dangin wake ne, yana zubar da ganyensa da damina, geron da ke ƙarƙashinsa kuma ya fi na gefe kyau. Kuma mu ne gidan wake: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Nijar na biye mata.

*INDA AKE YIN KUSKURE*

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an shuka wake a wuri, shi ke nan ƙasa ta samu taki. A'a, da sauran magana.

Naitirojin ɗin da waken ya tara ba a cikin ƙasa yake ajiye shi ba, a jikinsa yake, cikin ganye da kara. Da ya fara yin 'ya'ya kuma, sai ya kwashe mafi yawansa ya zuba a cikin ƙwayar. Shi ya sa wake yake da sinadarin gina jiki. To idan ka bari ya nuna, ka tsince waken, ka tuge harawar ka ɗora a kan rufin ɗaki, me ka bar wa ƙasa? Saiwa kaɗai da ɗan ganyen da ya zuba. Akwai amfani, amma kaɗan ne.

Abin da ake nufi da koren taki shi ne ka shuka waken don ƙasa, ba don tukunya ba. Ka bar shi ya yi ganye sosai, sannan tun yana ɗanye shar, kafin ya ɗaure 'ya'ya, ka sare shi ka binne a wurin. Ƙasa ta cinye shi gaba ɗaya. Wannan shi ne asirin, duk sauran bayanin da zai zo hidima ce gare shi.

Bayan naitirojin, ganyen da ya ruɓe yana gyara jikin ƙasa. Idan rairayi ce da ruwa ke zurarewa, za ta fara riƙe laima. Idan laka ce mai taurin tsiya, za ta yi laushi. Sannan lokacin da waken yake tsaye, inuwarsa tana danne ciyawa, tana kare ƙasa daga dukan ruwan sama da zafin rana.

*WANE WAKE ZA KA SHUKA?*

Wakenmu na gida shi ne kan gaba, fari ko ja. Dalili kuwa, ƙananan halittun da yake ƙawance da su suna nan a ƙasarmu tun fil azal, ba sai an kawo su daga wani wuri ba. Yana jure zafi, yana jure ƙarancin ruwa.

Tunda ganye kake nema, iri mai yaɗo ya fi, kamar Kanannado da Ɗan Ila. Irin zamani masu saurin nuna, kamar jerin SAMPEA na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, su ma suna yi, sai dai da yawansu a tsaye suke, don haka sai a matse tazara.

Koren waken nan na Turawa da ake zubawa a soyayyar shinkafa, wanda 'yan kasuwa ke kira fis, shi ne mutanen ƙasashen sanyi suke amfani da shi wajen wannan aiki. A wurinmu ba ya son zafi ko kaɗan, sai da hunturu yake yi, daga Nuwamba zuwa Janairu, ko a wurare masu sanyi irin su Jos. Kuma nau'in bakteriyar da yake buƙata daban ne da na wakenmu, ba lallai a same shi a ƙasar da ba a taɓa shuka shi ba. Haka ma hulba, ita ma dangin wake ce mai son sanyi, ana iya watsa ta a binne. Duk wanda ka shuka a cikinsu, ka duba saiwarsa kamar yadda za mu faɗa a ƙasa. Gyaɗa da waken suya su ma 'yan gidan ne.

Waken kasuwa yana tsirowa matuƙar ƙwari ba su huda shi ba kuma bai tsufa ba. Gwada shi tukuna: ɗauki ƙwaya 10, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa kwana 4 zuwa 5 kana yayyafa ruwa. Idan 8 suka tsiro, irinka lafiya lau. Idan kuma ka sayi irin da aka shafa wa magani, mai launin ja ko shuɗi, ka nisanta shi da yara da kaji, kada ragowarsa ta shiga tukunya. Guba ce.

*YADDA AKE YI, MATAKI-MATAKI*

1. Ka share fangalin, wato gurbin da kake shuka, ka sassauta ƙasar da fartanya, ka ba ta ruwa ta jiƙa.

2. Ka shuka a matse, ba kamar na gona ba. Tazarar layi da layi kamar taƙi ɗaya, tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar faɗin tafin hannu, zurfi gaɓar yatsa biyu. Gwangwanin madara ɗaya na wake zai ishi fili mai kimanin taku 3 a faɗi, taku 5 a tsawo. In buhu ne, ƙwaya 6 zuwa 8 sun isa.

3. Kada ka zuba masa yuriya. Idan wake ya samu naitirojin a banza, sai ya yi lalaci ya ƙi yin ƙulalan. Abin da yake so shi ne fosfaras, wanda ke cikin takin supa da ruɓaɓɓen kashin kaji. Ɗan kaɗan ya wadatar.

4. Ruwa daidai gwargwado. Wake ba ya son kwanciyar ruwa, saiwarsa ruɓewa take yi.

5. Bayan mako 4, ka tono guda ɗaya a hankali da ƙasarsa, kada ka fizge. Ka wanke saiwar, ka nemi ƙulalan, ka fasa ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne kamar nama, aiki yana tafiya. Idan fari ne, bai fara ba tukuna. Idan kore ne ko baƙi, ya daina.

6. Lokacin sara shi ne da ka ga fure ya fara fitowa, galibi tsakanin kwana 40 zuwa 50 ga iri mai sauri. Irin gargajiya kamar Kanannado yana jinkirin fure har sai damina ta ja baya, don haka kada ka tsaya jiransa. Da ya rufe ƙasa, mako 6 zuwa 8, ka sare.

7. Ka sare daga gindi ka bar saiwar a ciki. Ka daddatsa ganyen da karan da adda ƙanana-ƙanana, ka bar su su yi yaushi yini ɗaya, sannan ka juya su cikin ƙasa, zurfin taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. Kada ka kai su can ƙasa, ruɓewa tana son iska.

8. Ka ci gaba da yayyafa ruwa don wurin ya zauna da laima. Busasshiyar ƙasa ba ta cin ganye.

9. Ka jira mako 2 zuwa 3 kafin ka yi shuka ko dashe. Wannan jiran wajibi ne. Ganye yana cikin ruɓewa yana iya hana ƙananan iri tsirowa, ya kashe dashe. Da ka tona ka ga ganyen ya narke, ƙasar ta yi duhu tana ƙamshin ƙasar farkon damina, to bismillah.

Kuma kada ka wuce wata guda ba ka shuka komai ba, musamman da damina, domin ruwa zai wanke abin da ka tara ya yi ƙasa da shi.

Wanda ba shi da ƙarfin juya ƙasa, kamar tsofaffi, yana iya shimfiɗa saran a saman fangalin ya bar shi a matsayin rufi. Yana aiki, sai dai ya fi jinkiri, kuma wani ɓangare na amfanin yana bin iska.

*ƘULALAN ALHERI DA NA CUTA*

A lura da wannan sosai. Akwai wasu tsutsotsi ƙanana da ido ba ya gani, suna shiga saiwa su sa ta kumbura. Suna kama tumatir da kuɓewa da yalo, suna kama wake ma. Yadda za ka bambance: ƙullin alheri a gefen saiwa yake maƙale, idan ka murza shi da yatsa zai ɓalle. Na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, ba ya ɓallewa sai dai saiwar ta tsinke. Idan ka ga irin wannan, ka tuge duka da saiwar ka ƙone, kada ka binne. Ka huta da wake da tumatir da kuɓewa a wurin, ka sa masara ko albasa tukuna.

*ME ZA A SHUKA BAYAN WAKE?*

Masu cin naitirojin da yawa su za su fara: alayyahu, latas, kabeji, rama, lalo, masara. Tumatir da attaruhu da tattasai ma suna jin daɗin wurin, amma kada a ƙara musu yuriya a kai, in ba haka ba za su yi ganye kamar kurmi, 'ya'ya kuma babu.

Tsari mai sauƙi shi ne ka raba lambunka gida uku. Kullum kashi ɗaya yana ƙarƙashin wake, biyu suna ba ka miya, kana zagayawa. Ga mai noman rani kuma, ya shuka wake a watan Yuli ko Agusta, ya binne a Satumba, ya dasa kayan lambunsa a Oktoba. Ruwan sama ya yi masa ban-ruwa kyauta.

Na san wani zai ce, malam, harawa kuɗi ce, ga awaki a ɗaure, yaya zan binne ta? Gaskiya ne. In kana da dabbobi, ba su harawar, amma da sharaɗi: kashinsu ya dawo lambun bayan ya ruɓe. Wani abu zai salwanta a hanya, amma ba ka yi asara duka ba. Asarar ita ce a fitar da wake, a fitar da harawa, a share kashin awakin a kai bola. Haka nan uwargida tana iya tsinkar ɗanyen ganyen ta yi miya ko kwaɗo da shi, ganyen wake abinci ne mai kyau, sai dai kada a yi masa ƙwal.

*TAKIN RAMI: SHARAR KICIN TA KOMA ABINCI*

Wake yana kawo naitirojin, amma shuka tana buƙatar fosfaras da fotashiyam ma. Su ukun ne lambobin da kake gani a buhun kamfa, 15-15-15. A nan takin gida yake cike giɓi.

Kayan haɗi iri biyu ne.

Ɗanyu: ɓawon dankali, doya, ayaba, kankana, ragowar ganyen miya, ɗanyar ciyawa, ganyen shayi da aka dafa, kashin kaji, tantabara, awaki, tumaki, shanu da zomo. Har abin da ke cikin tumbin ragon layya, wanda ake zubarwa a kwata ya dami unguwa da wari, taki ne mai kyau idan aka rufe shi a rami.

Busassu: busasshen ganyen bishiya, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, karan masara da aka daddatsa, kwali marar leda.

Yadda ake yi:

1. Ka haƙa rami a inuwa, zurfin gwiwa zuwa cinya, faɗi da tsawo kamar taku ɗaya da rabi. Ya yi nesa da rijiya sosai, kuma ba inda ruwa ke kwanciya ba. Mai gidan siminti ya yi amfani da tsohon duro ko babban bokiti da aka huhhuda.

2. Ka shimfiɗa kara a ƙasa don iska. Sai busassu, sai ɗanyu, sai kashin dabbobi, sai ka barbaɗa ƙasa kaɗan. Ka yi ta maimaitawa hawa-hawa. Busassu su ninka ɗanyu sau biyu zuwa uku.

3. Kowane hawa ka yayyafa ruwa. Ma'auninsa: ka damƙa a hannu, ya zama da laima kamar tsumman da aka matse, ba ya zuba.

4. Ka rufe da tsohon buhu ko ciyawa, ka soka sanda a tsakiya. Bayan kwana 3 zuwa 5 ka zaro sandar ka taɓa. In da zafi, taki yana dahuwa. Tsibi mai kyau yana kaiwa digiri 55 zuwa 65, zafin nan ne yake kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta da irin ciyawa.

5. Duk mako 2 ka juya, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata 2 zuwa 3 zai nuna: baƙi-baƙi, yana warwarewa a hannu, ba wari, ba zafi, ba ka gane ɓawon da ka zuba.

Idan yana warin fitsari, ɗanyu sun yi yawa, ƙara busassu. Idan yana warin ruɓa, ruwa ya yi yawa, juya shi ya sha iska. Idan ya yi shiru babu zafi, ya bushe ne ko kashin dabbobi ya yi kaɗan. Takin da aka yi daidai ba ya damun maƙwabci, kuma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne.

Wajen amfani, bokiti ɗaya ya ishi fili taku ɗaya a faɗi da tsawo. A buhu kuma, kashi ɗaya taki, kashi biyu ƙasa.

*TOKA, ƁAWON ƘWAI DA TAKIN RUWA*

Tokar itace tana da fotashiyam da kalsiyam, amma kaifi gare ta, kun san yadda ruwan toka yake a miya. Cikin tafin hannu ɗaya ya ishi fili taku ɗaya, sau ɗaya a shuka. Kada ta taɓa jikin ƙaramin dashe. Kada a gauraya ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji, tana kore naitirojin ɗin ya bi iska. Tokar da aka ƙona leda, roba, taya ko katako mai fenti a cikinta, ba ta shiga lambu.

Ɓawon ƙwai a busar, a daka shi ya zama gari, a zuba a ramin taki. Yana aiki ne a hankali, ba na gaggawa ba ne. Ɓawon ayaba ma ramin taki ya fi masa, ya fi jiƙa shi a ruwa amfani.

Takin ruwa shi ne na gaggawa, idan ganye ya fara ɗorawa. Ka cika bokiti zuwa rabi da ɗanyen ganyen wake ko na zogale da aka yanka, ka cika da ruwa, ka rufe, kana motsawa duk bayan kwana biyu. Bayan mako 2 ka tace. Kofi ɗaya a cikin kofi 10 na ruwa, a zuba a gindin shuka da yamma, sau ɗaya a mako. A gindi, ba a kan ganyen da za a ci ba. Bokitin ya kasance a rufe ruf, domin sauro yana iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kwana 7 zuwa 10. Kada garin neman alayyahu a jawo wa yara zazzaɓin cizon sauro.

*GARGAƊI DON LAFIYAR IYALI*

Wannan ɓangaren shi ne ya fi muhimmanci.

Ɗanyen kashin dabbobi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da amai da ƙwan tsutsar ciki. Ta fuskar hukunci, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba. Amma tsarki daban, rashin ƙwayar cuta daban. Kada a zuba shi ɗanye a gindin latas, kabeji, karas ko duk abin da ake ci ba a dafa ba. Dokar noman da ba a sa sinadari a Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ma'auni ne mai kyau da kowa zai iya riƙewa. Ban da haka, ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka.

Kashin mage, kashin kare, bahayar mutum da ƙunzugun jarirai ba sa shiga ramin taki ko kaɗan. Kashin mage musamman yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai illa ga ɗan tayi. Mai ciki ta sa safar hannu in za ta taɓa ƙasa, ta bar wa wani aikin juya taki.

Nama, ƙashi, mai da ragowar miya suna kiran ɓera da ƙuda, gishirin ciki kuma yana lalata ƙasa. Ruwan wanki mai omo ko bilic shi ma haka.

Takin bola da ake sayarwa a kura ko a buhu, a yi hattara da shi. Ana samun fasasshen batir, kwalba, allura da leda a ciki. Batir yana da ƙarafa masu guba da ke zama a ƙasa shekara da shekaru, kuma yara sun fi kowa cutuwa da su. Abin da za ka ci da iyalinka, gara takin da ka san abin da ka zuba a ciki.

A sa takalmi, a rufe duk wani rauni kafin a shiga aiki, domin ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zama a ƙasa da kashin dabbobi. Wanda ƙusa ko fartanya ta ji wa rauni mai zurfi ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ya je asibiti a duba maganar allura, kada ya tsaya shafa toka ko ƙasa. Mai asma ya jiƙa takin kafin ya juya, ya rufe hanci. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu, kayan lambu kuma a wanke su da ruwa mai tsabta sosai, ko da daga bayan ɗakinka ka tsinko.

*A TAƘAICE*

Wannan hanya ba ta da saurin yuriya, wadda za ka zuba yau ka ga kore cikin mako. Kuma ƙasar da ta daɗe a gajiye ba za ta farfaɗo da zagaye ɗaya ba. Amma duk zagayen da ka yi, ƙasar tana ƙara kyau, tana ƙara riƙe ruwa, kuɗin taki yana raguwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka fara da fangali ɗaya ko buhu biyu a wannan makon. Gwangwanin wake ɗaya, mako 6 na girma, mako 3 na jira. Ka bar wani fangalin a gefe yadda yake, ka shuka alayyahu a duka biyun rana ɗaya, idonka zai ba ka labari. Ka sa yara a cikin aikin, su tono saiwar da hannunsu su ga ƙulalan nan, su ga yadda Allah Ya ajiye wa ƙasa abincinta a cikin iska.

Allah Ya sa albarka a abin da muke shukawa da abin da muke ci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa da abokan arziki domin su ma su amfana.